Kwamfuta Ta Goma

Ku matso nan kusa, 'ya'yana, ke Ummi musamman, akwai maganar da na daɗe ina juyawa a baki, ban haɗiye ba, ban kuma furta ba. Ƙafafuna sun fara ƙin kai ni ko bakin zaure, idona ma sai na kai takarda jikin taga, to gara in rubuta yanzu da ɗan bokon da na tsinta a aji huɗu. In kun ga harafi ya karkace, ku miƙe shi a zuciyarku. Maganar babanku ce, Allah Ya jiƙansa, da abin da kuka ɗora masa shekara da shekaru, wai shi ya goge muryar kakarku daga kwamfutar gidan nan saboda tsoron bakin mutane. Ba shi ba ne. Zan faɗa muku yadda aka yi, amma ku bar ni in bi ta hanyata, kun san ban iya gajeren labari ba.

Kun tashi kun ga babanku malamin kwamfuta, to da can mai buga tafireta ne a wani ofis nan Gwarzo. Da aka shiga tsuke bakin aljihu aka rage ma'aikata, sunansa na cikin na farko, don an ce zamanin tafireta ya wuce. Shekara biyu ya yi a zaure. Ba ya faɗa, ba ya ƙorafi, yana dai zaune. Ni daga madafa ina jin yatsunsa suna buga gwiwarsa, tak-tak-tak, har da ɗan tsayawar nan ta mayar da layi, yana buga wasiƙun da babu wanda ya aiko shi. Wannan ƙarar ta fi kukan yaro ci mini rai. Daga baya ya riƙa zuwa Kano wurin wani abokinsa mai gyaran kwamfuta, yana zama gefensa yana kallo, har hannunsa ya faɗa. Abokin ne ya ba shi wata tsohuwa da aka yar, fara ce amma ta koma ruwan ƙwai don tsufa. Ya kawo ta gida, ya yi ta fama da ita har ta tashi. Ita ce wadda kuka sani a kusurwar ɗakina, a lulluɓe da tsohon zanina.

Ita kuwa Inna, mahaifiyata, zabiya ce a Dugabau, mai kiɗan ƙwarya a bikin mata. Ke Ummi sunanta kika ci, shi ya sa ba na iya kiran sunanki na yanka. Ta rasu kina goye. Abin da ta bar mini kaset uku ne, da wani ɗan'uwa ya ɗauka da rediyonsa a wani biki ina budurwa, ina cikin 'yan amshinta. Ba waƙa ce kaɗai a ciki ba. Akwai gyaran muryarta, akwai dariyarta, akwai inda take zagin mai rabon goro don ta tsallake ta. Da aka dawo da Shari'a, gari ya sauya. Mu ma mun yi murna, ba zan yi muku ƙarya ba, har sabon hijabi na ɗinka. Amma kiɗa ya zama abin ɓoyo, matan da suka yi rawa a gaban Inna suka koma kamar ba su taɓa jin sunanta ba. Rannan sai ga yayana, kawunku Lawal, daga Dugabau. Muka gaisa, ya tambayi yara, ya tambayi damina, ya sha ruwa, sannan ya ce:

"Ladi, kaset ɗin Inna na zo karɓa."

Na ce, "Yaya, me za ka yi da su, kai da ko rediyo ka daina kunnawa?"

"Ƙona su zan yi. Duk ranar da kika kunna, nauyi kike ƙara mata a kabari. In kina sonta, ki bar ta ta huta."

Yaya ne, kuma da hawaye a idonsa ya faɗa. Babanku ne ya ce a ba mu kwana uku, kaset ɗin suna ƙasan kaya. Da ya tafi, babanku ya samo wata 'yar waya, ya haɗa rediyo da kwamfutar, ya juye su duka ciki. Kwana ukun nan bai leƙa ko zaure ba, yana tsare da su duk sanda aka kawo wuta. Ran na huɗu ya hau keke ya kai wa Yaya kaset ɗinsa har gida. Wannan ba ku sani ba, ku dai kun tashi kun ji Inna tana waƙa a cikin akwati. Mukan tura ƙofa, mu rage murya, ke Ummi ki riƙa amshi kina kaɗa murfin kwano. Har kwamfutar ma Inna kuke ce mata: a kunna Inna, a rufe Inna kada ta yi ƙura.

Ana haka sai wani Alhaji mai sayen hatsi a Kabo, wanda ya gina makarantar Islamiyya, ya je Kano ya sayo tsofaffin kwamfutoci goma a gwanjon wani ofis. Yana so 'yan makarantarsa su koya. Aka yi masa kwatancen babanku. Na ji maganarsu daga bayan katanga, don Alhajin ba ya magana a hankali.

"Malam, goma na saya, goma nake so in gani a kunne ranar Asabar ta sama. Iyayen yara za su zo. In sun tashi, kai ne malaminsu. In ba za ka iya ba ka faɗa mini yanzu, hedimasta yana da wani ɗan ƙanensa a Kano, kullum sai ya yi mini zancensa."

Babanku ya ce, "In Allah Ya yarda za su tashi, Alhaji."

"Goma fa."

"Goma."

Ranar da yamma ya ci tuwo har ya nemi ƙari. Rabon da ya nemi ƙari na manta.

Aikin kuwa shi ne, kwamfutocin sun zo da kayan mutanen da suka yi aiki da su, wasu ma ba sa tashi sam. Sai an wanke rumbun kowace tas, wato wurin ajiyar da ke cikinta, sannan a ɗora mata sabuwar manhaja daga faifai, kamar a share ɗaki a yi sabon daɓe. Matsalar wuta ce. Ɗakin makarantar ba a ja masa waya ba tukuna, babanku ne zai riƙa zuwa Kabo kullum yana tsaye kan masu ja da kafinta. A nan gida kuwa wuta ba ta da lokaci, yau da hantsi, gobe da azahar, jibi shiru, in ta zo ta yi kamar awa uku ta tafi. Janareta kuma ba a maganarsa, ana wahalar mai, layi tun daga gidan mai har bayan kasuwa. Wa ke gida duk sanda aka kawo wuta? Ni. Sai ya ce zai koya mini.

Na ce, "Malam, ni da Turancin da na sani bai wuce zo da tafi ba?"

Ya ce, "Ba karantawa za ki yi ba. Ke da kike gane tafiyar kowa a layin nan tun bai yi sallama ba? Saurara za ki yi."

Ya ɗauko jan farcen nan naki, Ummi, wanda ya ƙwace don yana hana ruwan alwala shiga, ya bi maɓallan yana ɗiga musu. Wannan ɗigo ɗaya, wancan biyu, wancan uku. Da an kunna, in ta yi ƙara sau ɗaya, ƙit, lafiyarta ƙalau. In ta yi uku, wani abu bai zauna ba a ciki, a kashe a jira shi. Daga nan in yi ta danna mai ɗigo ɗaya da sauri har gilashin ya zama shuɗi, in sauko layi biyu, in gaya mata ta fara duba faifai kafin ta duba rumbunta. Kullum sai an sake gaya musu, don ɗan batirin cikinsu ya mutu, da an ɗauke wuta sun manta, kamar tsofaffin da suka ruɗe. Uku daga cikinsu ma ba su san babban faifan mai walƙiya ba, sai an fara lallashinsu da wani ƙarami baƙi mai kusurwa huɗu, ya yi ta gurnani kamar ana niƙa, sannan su yarda su karɓi babban. In faifan ya ƙi karantuwa, in huce shi da baki in goge da gefen zani, daga tsakiya zuwa waje. Sai a zo wurin wanki. A nan sau biyu take tambaya, ya fassara mini: ka tabbata? Duk abin da ke ciki zai tafi. In danna mai ɗigo biyu, ta sake tambaya, in danna mai ɗigo uku. Sai wata sanda ruwan ɗorawa ta fara cika a hankali. In ta cika ta kashe kanta ta sake tashi, a nan sai in yi maza in hana ta komawa kan faifan, in ba haka ba ta maimaita komai daga farko. Can gaba ta nemi wasu haruffa da lambobi masu tsawo da ya rubuta mini a kwalin sabulu, in bi su ɗaya-ɗaya da yatsa ina kwatanta kamanninsu. Duka-duka awa biyu da ɗoriya, in ba a ɗauke wuta ba. In an ɗauke kuwa, sai daga farko.

Kwana goma sha ɗaya na yi a haka. Ina tsakiyar tuƙa tuwo in ji firjin maƙwabta ya ɗauka, in yar da muciya in ruga. Akwai wadda sau huɗu ina kai ta kusa da ƙarshe ana ɗaukewa, ran na huɗun na zauna na yi mata kuka kamar mutum. Bayana ya riƙe, idona ya riƙa ganin shuɗi ko na rufe shi. Amma na san su ɗaya bayan ɗaya. Akwai mai tari kafin ta tashi, akwai mai fito, akwai wadda sai an ɗan bubbuga gefenta. Maƙwabciyata Hajiya Gambo ta leƙo ta gan ni a tsakiyarsu, ta riƙe haɓa.

"Ladi, ashe injiniya muke da ita a layin nan ba mu sani ba? Ki gyara mini rediyona mana."

Na ce, "Hajiya, kawo, in wanke shi tas ya manta tashar da kike ji."

"A'a, bar mini abina da ciwonsa."

Ranar Alhamis tara sun tashi. Ta goma, tun da na kunna ta na ji abin da ban so ba: ƙwas, ƙwas, ƙwas, kamar kaza tana tsattsagar faranti babu komai a kai. Na sa faifai, ta kai wurin wanki ta tsaya. Na sake, ta tsaya. Da babanku ya dawo da la'asar, tun yana jingine keke na ce masa rumbun ta goma ya mutu. Ya buɗe ta, ya kara kunne, ya daɗe, sannan ya mayar da murfin bai ɗaura ba. Babu mai sayar da irinsa a Gwarzo. Kano kuwa, ko an samu mota a wahalar man nan, gobe Juma'a dole ya kasance a Kabo, ranar za a gama jan waya, kuma motar Alhaji za ta zo ɗaukar kaya bayan la'asar. Ni na fara kallon kusurwar ɗaki, shi bai kalla ba.

Na ce, "Tamu irinsu ce."

Ya ce, "Tamu a cike take. Rumbunta ƙarami ne, Inna ta cinye shi. Sai an wanke kafin ta ɗauki ta makaranta."

"A raba waƙoƙin a zuba a cikin sauran mana, daga baya ka kwaso."

"In kai kiɗan ƙwarya Islamiyya a ɓoye? Yarinya ta danna wani abu ya tashi a tsakiyar aji? Amanar mutane ce, Ladi. Ba zan yi ba."

Ya fita, can sai ga shi da kaset uku sababbi a leda. Ya ce dabara ɗaya ce: gobe in an kawo wuta, in kunna Inna, in kara rediyo jikin lasifika, in mayar da ita kan kaset kamar yadda ta zo. In na gama, in wanke in ɗora. Na lissafa a raina, waƙoƙin sun fi awa huɗu, ɗori awa biyu da wani abu, wutar kuwa awa uku take yi in ta yi kirki. Shi ma ya lissafa, na gani a fuskarsa. Da safe yana ɗaura hularsa ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ki fara da Inna. Kin ji ko? In lokaci bai kai ba, ki bar ta yadda take. Tara zan kai."

"Alhaji goma ya ce."

"Na ji abin da ya ce. Tara zan kai, in ba shi haƙuri. Ba a kaina aka fara zaman zaure ba."

Ku kuma ranar kun bi gwaggonku suna a Lakwaya, gidan ya rage ni kaɗai. Na share ɗaki, na jera komai, na sa kaset a rediyo, na zauna. Hantsi ya yi, babu wuta. Rana ta take, babu. Na ji maza suna wucewa masallaci, ƙamshin turarensu yana shigowa ta kan katanga. Sai da liman ya hau mumbari, lasifikar masallaci ta fara kawo huɗuba, sannan firjin maƙwabta ya ɗauka. Na duba inuwar katanga. Tsakanin lokacin da zuwan mota, ɗori ne kawai zai shiga, da ɗan abin da bai fi dahuwar shinkafa ba a kai.

Na fara da Inna kamar yadda ya ce. Na kunna ta, na kara rediyo, na danna jan maɓallin ɗauka. Don kada huɗuba da kukan awaki su shiga, na jawo zanin na lulluɓe mu gaba ɗaya, ni da rediyon da lasifikar, a cikin zafin nan. Sai ga ta. Ta yi gyaran murya sau biyu yadda ta saba, ta ce, "Ke Ladi, kin cika wa ƙwaryar nan ruwa, so kike ta yi mini magana ta hanci?" Mata suka kwashe da dariya, na ji tawa dariyar a ciki, ta yarinya. Ta ɗauki waƙa, muka amsa. Gumi yana zuba mini har cikin ido, ban motsa ba. Ta kai ƙarshen ta farko, ta sha ruwa, na ji saukar kofin, ta shiga ta biyu.

A nan ne na ji ƙarar fankar cikin kwamfutar ta ɗan sauka. Kwana goma sha ɗaya sun koya mini wannan: in wuta ta fara rauni haka, ba za ta wuce la'asar da nisa ba. Ko na bar Inna ta ci gaba, ba zan samu rabinta ba. In kuma na ƙara jinkiri kaɗan, ɗorin ma ba zai kai ba, in tashi babu wannan babu wancan. Zan so in ce muku tunani mai tsawo na yi, amma ba haka ba ne. Yatsun babanku na ji a kan gwiwarsa, tak-tak-tak. Na ga shi gobe a gaban iyayen yara da tebur ɗaya babu komai a kai, hedimasta yana gyara tsayuwa. Kuma, tunda na ce gaskiya zan faɗa, maganar Yaya Lawal ma ta zo mini, ga huɗuba tana shigowa ta cikin zani. Na ce ko dai da gaske nauyi nake ƙara mata? Har yau ban san wanne ya fi tura hannuna ba, tausayin mijina ko tsoron nan. Na tsayar da rediyo tana tsakiyar kalma.

Na kashe kwamfutar, na sa faifai, na kunna. Ƙit, sau ɗaya, lafiyarta ƙalau, ita da ma ba ta taɓa ba ni wahala ba. Shuɗi ya zo, na sauko layi biyu. Ta karɓi faifan ba gardama. Ta kai wurin wanki ta tambaye ni, na danna mai ɗigo biyu. Ta sake tambaya. Na danna mai ɗigo uku. Sandar ta fara cika, na zauna ina kallonta har ta kai ƙarshe, ban tashi ko sallah ba sai da ta nemi haruffan kwalin sabulu. Ta gama, ta tashi da sabuwar fuska irin ta sauran taran, ban kai ga naɗe waya ba aka ɗauke wuta.

Babanku ya zo tare da motar. Ya shigo ya ga akwati goma a jere a tsakar gida, ya ƙirga da ido, ya sake ƙirgawa, sannan ya leƙa ɗaki ya ga kusurwar.

"Ladi. Kin ɗauka a kaset?"

"Na ɗauki abin da ya samu."

"Nawa?"

Na nuna masa da yatsu biyu, ɗan tsakaninsu. Ya zauna a kan turmi, ya cire hula.

"Na ce miki tara zan kai."

"Na ji ka, Malam."

Ana cikin loda kaya kuka dawo. Ke Ummi kina da shekara goma sha uku, da ledar cincin a hannunki. Kika ga direba ya rungumo kwamfutarmu, kika gane ta da tabon da ke gefenta.

"Baba, ina za a kai mana Inna?"

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Ya riga ni.

"Makaranta za ta, Ummi. Na wanke ta."

"Da waƙoƙin?"

"Da su. Ni na wanke."

Kika ajiye ledar a ƙasa a hankali, kika ce, "Don kada a ce gidan malamin Islamiyya ana jin kiɗa ko?" Ya juya ya ci gaba da miƙa wa direba kaya. Kika shige ɗaki. Da motar ta tafi na same shi a zaure na ce me ya sa. Ya ce, "Yarinya in ta yi fushi da ubanta, za ta ci abinci ta yi wasanta. In ta yi fushi da ke, wa zai yi mata kitso, wa za ta gaya wa abin da ke damunta? Bar shi a kaina, ni da ma fita zan riƙa yi." Na ce to zuwa ta huce sai in faɗa. Ya ce to.

Ranar Asabar goma suka tashi, aka ɗauke shi. Shekara tara yana koyarwa a Kabo, har idonsa ya gaza. Kullum da safe ya goge takalmi, ya karya hula, yara a hanya suna Malam, Malam. Ban ƙara jin yatsun nan a gwiwa ba. Kwamfutocin kuwa ba su kai shi ba, ɗaya bayan ɗaya suka mutu, aka kawo wasu, aka tara tsofaffin a sito. Na taɓa tambayarsa tamu fa, ya ce ita ta fi daɗewa, bai ƙara komai ba.

Ke kuma ba ki huce yadda muka zata ba. Ba ki taɓa yi masa rashin kunya ba, na shaida. Kina gaishe shi a durƙushe, kina kai masa ruwa. Amma kin daina zama in ya shigo, kin daina ba shi labarin makaranta, kuma ƙannenki suka ɗauka daga wurinki. Ni kuwa kowace shekara sai in ce bana zan faɗa. Ana shirin jarrabawarki na ce ba yanzu ba. Ana shirin bikinki na ce ba yanzu ba. Gaskiyar ita ce ina jin daɗin yadda kike shigowa ki kwanta a gadona ki yi ta zuba, na kasa sayar da wannan. Na bar mutum yana ɗauke da kayana ina kallo, shi kuma bai taɓa tuna mini ba, ko da wasa. Da ya kwanta ciwo kin zo kin yi jinyarsa da hannunki, Allah Ya yi miki albarka. Amma ranar sadakar uku, ina ɗaki cikin mata, na ji ki ta bayan taga kina ce wa gwaggonki:

"Baba mutumin kirki ne, Gwaggo. Abu ɗaya ne ya yi mana da na kasa mantawa."

Duk hayaniyar gidan nan, wannan ce ta zo kunnena. Ranar ma ban faɗa ba. Na gaji, Ummi. Waƙoƙin ma sun fara zube mini, in ɗauko baiti in kai tsakiya in ji babu sauran, kuma duk Dugabau babu wanda zan tambaya, 'yan amshin sun ƙare sai ni. Yaya Lawal ya tafi yana zaton ya ƙona komai.

Kaset ɗin yana nan. Yana ƙasan adakata, a naɗe cikin ɗankwalin Inna, ban taɓa kunna shi ba tun ranar. Za ki ce me ya hana ni fito da shi tuntuni, ko don ku ji ɗan abin da ya tsira. Abin da ya hana ni shi ne ba Inna kaɗai ke ciki ba. Zanin bai tare komai ba: akwai huɗubar Juma'a a bayanta, lokacin da kowa ya san babanku yana Kabo. Kuma kafin in tsayar, akwai muryata kusa da rediyon, ina cewa Inna ki yafe mini. Kunnena kika gado, da ji ɗaya za ki gane wanda ke ƙarƙashin zanin. Don in ɓoye wannan na hana ki waƙa ɗaya da rabi da dariyar kakarki, shekara ashirin da wani abu.

Ban sani ba ko zaren bai manne ba, an ce akwai masu iya juye irinsa a waya yanzu. Shi wanda ya kamata ki nemi afuwarsa ba ya nan, sai dai addu'a, ni ce nan na rage, kuma ban rubuta wannan don in wanke kaina ba. To ki faɗa mini, Ummi: in bai wa direban motar Lakwaya, inda kike aure, ya kawo miki shi ki ji ke kaɗai, ko za ki iya zuwa ki zauna kusa da ni mu ji tare?